BA MU YARDA A RUFE ZAUREN KALLO BA



Ranar Litinin da ta wuce an kawo takarda ofishin ƙungiya ɗauke da sa hannun wasu daga cikin iyayenmu. Abu biyu take nema. Na farko, a rufe kallon da matasa suke yi a zauren ƙungiya duk daren Asabar. Na biyu, a hana maganar fim a wannan shafi baki ɗaya, wanda ya saka a goge, in ya sake a cire shi. Mun karɓi takardar hannu bibbiyu, mun sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a taron wata kamar yadda dokar ƙungiya ta tanada. To amma tunda magana ta riga ta fita, har ana yaɗawa a bakin masallaci da teburin mai shayi cewa an rufe zaure an gama, ya zama dole mu da muke riƙe da makullin mu faɗi matsayinmu a fili. Ba a rufe ba, kuma ba mu goyi bayan a rufe ba. Iyayenmu su gafarce mu, za mu faɗi dalili, kuma ba za mu yi kwana-kwana ba.

Bari mu fara da abin da ya faru, domin labarin da yake yawo ya fi abin da ya auku girma. An ce an zare wuƙa. An ce an fasa talabijin. Har wani ya bugo waya daga Sasa yana tambaya ko gaskiya ne an kwana a ofishin 'yan sanda. Duk babu ko ɗaya.

Matasa sun ɗauko tsofaffin zangunan Labarina suna maimaitawa daga farko, saboda ƙannensu da yawa ba su yi wayo ba a 2020 lokacin da Aminu Saira ya fara sakin shirin. A wannan daren aka zo kashin da Sumayya ta dawo da sabuwar fuska, wato inda Fati Washa ta karɓi matsayin da Nafisa Abdullahi ta bari. Ana kashe janareta muhawara ta tashi, kamar kowace Asabar. Wani yaro mai sana'ar canji ya ce wannan ba Sumayya ba ce, an raina wa masu kallo hankali, gara a ce ta mutu a rufe babinta da a kawo wata a ce ita ce. Wani ɗan makarantar kimiyya ya ce Sumayya hali ce ba fuska ba, in dai zuciyar da aka gina tun farko tana nan to ita ce. Daga nan aka gangara tsohuwar rigima, ta 'yan Mahmud da 'yan Presdo da 'yan Lukman, wa ya fi cancanta da ita, wa ya so ta don Allah, wa ya so ta don kansa. Murya ta ɗaga. Ɗaya ya ce wa ɗaya ai dama kai duk inda kuɗi yake can kake. Wancan ya ji zafi ya ambaci gidan su wannan. Aka miƙe, aka ture kujerar roba guda ta tsage. Kafin ƙarfe goma da rabi an zaunar da su, sun ba juna hannu, washegari suka haɗa kuɗin kujera tsakaninsu. Rasidin yana ofis ga mai son gani.

Ambaton gidan mutum laifi ne, mun kuma hukunta shi: sati biyu ba zai shiga zaure ba. Amma a ce saboda kujerar roba guda za a rufe ƙofa a kan yara fiye da arba'in, wannan jifan sauro da tabarya ne.

Takardar ta ce musu a kan mutanen da ba su wanzu ba aikin banza ne. Wannan ita ce jimlar da ta fi tsaya mana a rai, kuma ita muke so mu ɗan zauna a kanta.

Mu tambayi kanmu tsakani da Allah, yaron da aka haifa a Sabo yau, a ina yake yin Hausa? A makarantar boko Turanci ne. A cikin Micra, a Mokola, a Dugbe, a Bodija, Yarbanci ne, kuma muna alfahari da hakan, domin yaron da ya iya harshen maƙwabcinsa ba ya ɓata a garin nan. A Islamiyya Larabci ne da 'yar fassara. A waya kuwa gauraye ne wanda shi kansa bai san sunansa ba. Saura gida. To wace Hausa muke yi musu a gida? Tashi. Kawo. Kai wa babanka. Ka yi salla? Rufe ƙofa. Hausar aike ce, jimla ba ta wuce kalma huɗu. Da ita za a iya sayen gishiri, amma ba za a iya neman aure da ita ba, ba za a iya sasanta 'yan uwa biyu da ita ba, ba za a iya tsayawa gaban Sarkin Hausawa a kare kai da ita ba.

Hausar da ake kare kai da ita daban take. Ita ce mai "da a ce", mai "ko da yake", mai "in har gaskiya ne me ya hana shi", mai "na yarda da kai a nan amma". Ku zo zaure ranar Asabar bayan an kashe na'ura ku ji. Yaron da in ka aike shi sai ya amsa maka da rabin Yarbanci, shi ne za ka ji ya tsaya minti biyar cur yana jero hujja a kan cewa Baba Ɗan Audu ba mugu ba ne, kwaɗayi ne ya yi masa yawa, kuma akwai bambanci tsakanin biyun. Da Hausa yake yi, domin da Hausa ya ji labarin, kalmomin da zai kafa hujja da su ma a bakin Rabi'u Rikadawa ya tsince su. Lokacin da aka daina ganin Sumayya a shirin, kowa a zauren nan ya koma ɗan sandan ciki. Wannan ya ce ku lura da abin da wane ya faɗa a kashin baya, wancan ya ce a'a, ku duba wanda zai ci riba. Yaro ɗan aji biyu na sakandare yana koyon ɗaura magana a kan magana, yana koyon cewa zargi daban hujja daban.

Wata Asabar wani yaro ɗan shekara goma sha biyu ya ɗaga hannu ya tambaya, wai mene ne "kawaici"? Ya ji kalmar a shirin, bai taɓa jin ta a gidansu ba. Wani dattijo mai goro da ya shigo fakewa ruwan sama shi ya amsa masa. Ya ɗauki kusan minti goma yana ba shi misali da zaman da ya yi da maigidansa shekara ashirin, yara sun yi tsit. Wannan dattijo, Allah Ya ƙara masa lafiya, ba ya cikin masu sa hannu, kuma tun ranar ba ya fashi.

Sabon nan tun 1916 aka kafa ta. Fiye da shekara ɗari ke nan muna tsakiyar ƙasar Yarbawa, kuma har yau Hausa ake yi a layukanmu. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya rubuta littafi sukutum da aka buga a 1969, yana bayanin yadda fataucin goro da shanu da zaman masu gida da baƙinsu da ɗariƙar Tijjaniyya suka riƙe mutanen Sabo wuri guda. A wancan zamani kullum baƙi suna sauka daga Kano da Sakkwato da Katsina, su kwana a zauren maigida, yara suna zuba musu ruwa suna jin hira. Harshe yana shigowa sabo kowace safiya tare da kaya. Yau fa? Ciniki ya koma waya, kuɗi ya koma turawa ta banki, baƙo ya sauke kaya ya juya a ranar. Zaurukan da aka yi wancan zama a cikinsu da yawa sun zama shaguna. Ba mu ce fim ya maye gurbin wannan ba, ba zai taɓa mayewa ba. Cewa muka yi ɗan abin da ya rage mana na jin doguwar Hausa daga Arewa, a taru a ji tare a kuma yi magana a kai, bai kamata mu kashe shi da hannunmu ba.

Sannan, iyayenmu, a yi mana afuwa, za mu ɗan tuna baya. Garin nan da muke ciki shi ne inda aka fara buɗe gidan talabijin a Najeriya, WNTV, ranar 31 ga Oktoban 1959, zamanin gwamnatin Awolowo. Kallo ba baƙo ba ne a Badun. Silimar Scala kuma ba a wata unguwa take ba, a nan Sabo take. Su wa suke cika ta in an sa fim ɗin Indiya? Ba mu ba ne, mu lokacin ko ba a haife mu ba ko muna goye. Da muka yi wayo kuma, mun ga yadda ake cika falon duk mai talabijin in za a nuna Samanja Mazan Fama. Mun ga manya suna kwaikwayon Hausar barikin Usman Baba Pategi a bakin shago har sati ya zagayo, ana gardama ko abin da ya yi wa kurtunsa daidai ne ko zalunci. Biyu daga cikin masu sa hannu a takardar nan, ba za mu kama suna ba, har gobe in hira ta yi daɗi da muryar Samanja suke tsokanar juna. Shin Samanja ya wanzu ne? Pategi ya wanzu, tsohon soja ne na gaske, amma Samanjan da ake musu a kansa ƙirƙira ce kamar Sumayya. Abin da ya halatta ga uba yana saurayi, da wace hujja zai zama aikin banza ga ɗansa?

Kai, abin ma ya girmi talabijin. Kakanninmu mata suna da irin tatsuniyar da ba a rufe ta da ƙurunƙus kawai, sai an jefo tambaya: to a cikin ukun nan wa ya fi? Wa ya cancanci a ba shi yarinyar? Sai yara su kaure, kowa da gwaninsa, tsohuwa tana gefe tana dariya tana gyara wa wanda ya karkace. Muhawarar ita ce rabin tatsuniyar. Wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san cewa littafin kansa a kan haka aka gina shi, a ba da labari, a ja magana, a fitar da hankali daga cikinta. Abin da yaranmu suke yi da Mahmud da Presdo shi ne "wa ya fi" na zamaninsu.

Wani ɗalibinmu da ke Jami'ar Ibadan ya kawo wani misali a daren da aka yi rigimar, bayan an huce, kuma ya dace a ji shi. Ya ce a Amurka an yi wani shiri mai suna Moonlighting daga 1985 zuwa 1989, Bruce Willis da Cybill Shepherd suka fito a ciki a matsayin David da Maddie, masu ofishin binciken sirri. Kowane kashi akwai laifin da suke bin sawu, akwai ban dariya, amma abin da ya riƙe masu kallo shi ne su biyun suna son juna kuma kullum cikin faɗa suke, an ƙi a haɗa su. A 1987 marubuta suka haɗa su. Bayan nan shirin ya fara rasa masu kallo, shekara biyu aka rufe shi. Har yau masoyansa suna musu a kan wannan kashi guda: wasu sun ce haɗa sun ne ya kashe shirin, wasu sun ce a'a, matsalolin bayan fage ne da yawan jinkirin fitowa. Kusan shekara arba'in ana abu ɗaya, waɗanda suka fara musun suna samari yanzu jikoki gare su. Ba mu kawo wannan don a haska shi a zaure ba, akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba a ciki, kuma ba za mu sa ba. Mun kawo shi ne don wani abu da ya biyo baya. Shirin ya yi shekaru ba a samun sa a intanet ta halastacciyar hanya, masoyansa suka yi ta naci, har a Oktoban 2023 aka gyara hotonsa aka sake fito da shi a Hulu. Surutun masu kallo ne ya hana a manta da shi.

Mu fa namu? Kasimu Yero ya rasu a 2017. Samanja ya rasu a Nuwamban 2023. Karkuzu ya bi su a 2025. Allah Ya jiƙansu da rahama. Je ka YouTube ka nemi Karambana ko tsofaffin wasannin Karkuzu na Bodara, abin da za ka samu guntaye ne, hoto dishi-dishi, murya tana shaƙewa, wani ya ɗauko daga tsohon kaset. Yaranmu sun san Presdo, ba su san waɗannan ba. Laifin wa? Wasan da aka daina hirarsa shi ne yake mutuwa. Mun yi shiru a kan namu na da, mun bar su sun tafi, yanzu kuma ana so mu koya wa yara yin shiru a kan nasu.

Akwai inda takardar ta yi gaskiya, kuma ba za mu ɓoye ba. Ta ce ana zagin 'yan fim a shafin nan. Haka ne, an yi. Akwai masu kasa bambance ɗan wasa da rawar da ya taka, su zo su rubuta baƙar magana a kan mace mai iyaye da dangi saboda abin da marubuci ya sa a bakinta, ko saboda ta bar shiri. Wannan ƙazanta ce, mun sha gogewa, kuma daga yau wanda ya sake ba gargaɗi, cirewa ce. Ta ce akwai daren da kallo ya kai sha ɗaya da rabi. Haka ne, sau biyu, kuma laifinmu ne mu masu makulli, ba na yara ba. Ta ce ba kowane shiri ne ya dace da ƙananan yara ba. Wannan ma gaskiya ne, shi ya sa ba a sa komai sai biyu daga cikinmu sun riga sun kalla, kuma akwai shirye-shiryen da muka ƙi sawa duk da naci. Ba a kunna na'ura sai an idar da Isha'i. 'Yan mata suna zama ɓangarensu tare da iyaye mata biyu, kuma a raka su gida. Duk wanda ya ga an saɓa ɗaya daga cikin waɗannan ya zo ofis ya faɗa, a gyara.

Amma gyara daban, rufewa daban. Ko hukumar tace finafinai ta Kano, da ta dakatar da shirye-shirye 22 a watan Mayun 2025, har da Labarina da Daɗin Kowa, ba cewa ta yi an haramta kallo ba. Cewa ta yi a kawo mata ta duba kafin a saki. Kano ke nan, inda Hausa ba ta fuskantar barazanar komai, inda yaro ko bai taɓa ganin fim ba zai tashi da harshensa cikakke. Mu da muke nesa da gida, mu ne za mu fi su tsanani?

Kuma a daina yaudarar kai cewa in an rufe zaure yara za su koma gida su buɗe littafi. Kowannensu da waya a aljihu. Shirin nan da ake gudu yana YouTube kyauta, data kawai zai saya. Zai kalla, sai dai zai kalla shi kaɗai a ɗaki da abin ji a kunne, ba wanda ya tace masa, ba wanda zai ce masa wannan da ka gani ba daidai ba ne, kuma in ya gama wayar ce za ta zaɓar masa na gaba. Wanda bai zauna a ɗaki ba kuma kun san inda zai nufa: gidan kallon ƙwallo, inda rabin masu zama idonsu ba a kan wasa yake ba, yana kan takardar caca. Iyaye nawa ne suka zo ofis ɗin nan da kukan ɗansu ya taɓa kuɗin shago saboda cacar ƙwallo? Ba za mu faɗi adadi ba don sirrin mutane ne, amma masu sa hannu sun sani, domin da wasunsu aka yi zaman sulhun. Ba a taɓa kawo mana ƙarar yaron da ya saci kuɗi don Sumayya ba.

Wani abin da ya ba mu mamaki shi ne, a cikin masu sa hannu babu wanda ya taɓa zama a zauren daga farkon kallo zuwa ƙarshen muhawara. Mun duba littafin shiga. Labari aka kai musu, kuma mai kai labari ya ƙara gishiri. Ba mu zarge su da mugun nufi ba, mun san tsoron lalacewar yara ne ya sa su, tsoron da mu ma muke kwana da shi, domin mu ma iyaye ne yanzu. Sai dai hukunci a kan abin da ba a gani ba, ko alƙali ba ya yin sa.

Don haka ga abin da za mu gabatar a taro a madadin takardar. Zaure ya ci gaba, a tashi ƙarfe goma daidai. Kowace Asabar a samu dattijo guda ya zauna, shi zai buɗe muhawara shi zai rufe, wanda ya ɗaga murya ya fitar da shi. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma a ajiye sabbin shirye-shirye, a sa na da. A nan ne muke roƙon iyayenmu da gaske: duk mai tsohon kaset na bidiyo a ƙasan gado ko cikin adaka, na Samanja ne, na Karkuzu ne, na Kasimu Yero ne, ko da ya yi ƙura, ya kawo ofis. Akwai yaronmu mai gyaran waya da ya ce zai iya juya su zuwa kwamfuta in an samo masa na'urar da take karanta kaset, kuma za a mayar wa kowa da nasa. Wanda ba shi da kaset amma yana da labarin a ka, ya zo ya ba da shi da baki.

Taro yana nan ranar Lahadin ƙarshen wata bayan La'asar, kuma ƙuri'a za a kaɗa, abin da rinjaye ya yanke shi za mu bi ko da bai yi mana daɗi ba. Masu katin ƙungiya su zo da shi. Kafin nan akwai Asabar biyu. Mun ware bencin gaba ga iyayenmu da suka sa hannu, da shayi a kanmu, su zo su zauna har a kashe janareta su ji abin da yaran suke cewa.

Wassalam.
Sakataren ƙungiya, a madadin kwamitin zaure.